Famfon da Ka Cire wa Doguwa

Zuwa ga Yaya Mumuni, babban ɗan marigayi Alasan Mai Doguwa, a ƙasar sanyin da ka zaɓa ka zauna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta wajaba ƙanwa ta yi wa wanta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Mu ma nan Sokode mun gode Allah. Inna tana nan da ranta, sai dai ƙafa ta ƙi, ido kuma ya fara gardama. Ni ce Adiza, mai teburin baƙin mai a bakin tasha. Na faɗi sunan ne don ban san abin da ka riƙe da abin da ka zubar ba a tsawon shekarun nan.

Saƙonka ya iso. Wani mai sayo motoci daga Lome ya kawo mini kwali har gida, ya ce daga wajenka ne. A gaban Inna na buɗe. Babu takarda, babu gaisuwa, ko ɗan turaren da ake sako wa tsohuwa babu. Famfon baƙin mai ne guda, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Inna ta shafa shi ta tambaye ni ko mene ne, na ce mata ƙarfe ne. Ta ce ai ta san ƙarfe ne, idonta ne ya mutu, ba hancinta ba.

A fili nake rubuta maka, inda kowa zai karanta, kuma da gangan na yi. Ɗiyata ta nuna mini kai a waya, kana tsaye a wani gareji mai tsabta kamar asibiti, gemu ya yi fari, kana koya wa masu sha'awar tsofaffin motoci yadda ake gane famfon mai da yadda ake zaɓensa. Mutane sai sa maka albarka suke. Na kalla har ƙarshe, raina yana ɓaci, domin duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Tunda ka iya tsayawa gaban jama'a ka yi maganar famfo, to ni ma ina da nawa labarin famfon, jama'a su ji.

Ka san Doguwa, amma bari in tuna maka, ko don masu leƙen wasiƙar nan. Motar Baba ce, tsohuwa mai dogon baya da kujeru jere uku, wadda take jigilar fasinja tsakanin Sokode da Dapango tun ban san hannun damana ba. Ba ta da kyau. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefen direba kuma sai an ba shi haƙuri yake sauka. Amma matan da ke sayo albasa da kaji daga Gando sun gwammace su zauna a kan buhunansu su jira ta, ko da sabuwar mota tana lodi a gabansu. Sun san ba za ta kwana da su a daji ba.

Sunan Baba a tasha shi ne mutumin da bai taɓa kashe inji ba. Wannan shi ne dukiyarsa, ba shi da wata. Kullum da safe kafin ya sha koko sai ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar awon mai, ya share, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ka tuna maganarsa: "Mai ya tsaya a kan layi. Kar ya gaza, kar ya wuce." Direbobi matasa tsoronsa suke ji, don in ya ji ƙarar injinka ta canza, a gaban fasinjanka zai wanke ka tas. Duk da haka iyaye har layi suke yi su kawo masa 'ya'yansu ya koya musu tuƙi.

Kai kuma ka fito makaniki, kuma ba zan rage maka komai ba, a garin nan babu hannu irin naka a lokacin. Baba ba ya barin kowa ya taɓa cikin Doguwa sai kai. Da na yi aure na kafa teburina na baƙin mai da ƙananan kayan mota, kai ka zaunar da ni a garejinka ka ce ba za ka bari 'yan gwangwan su mayar da ƙanwarka saniyar tatsa ba. A ranar ka koya mini famfon mai, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba.

Ka ajiye famfo biyu a kan benci ka ce in nuna maka bambancinsu. Na duba na ce ai tagwaye ne. Ka yi mini dariya har da riƙe ciki. Ka ce kar in taɓa yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali, kar kuma in yarda da sunan da ke bayan mota, domin motocinmu na nan babu wadda ba a sauya mata inji ko kaskon mai ba. Ka ce injin da ke ciki shi ake tambaya. A ƙirga ramukan kusa, a duba tsagar da ke kan sandar da ke juya famfon, ko a tsakiya take ko ta ɗan karkata gefe. A buɗe murfin a ga ko haƙora sun ci shi sun bar zane. A tsoma bakinsa cikin kananzir, a toshe mafitar da babban yatsa, a juya da hannu, in bai ture yatsan ba to ya gama aiki. Ka ce kar in sayar wa mai tsohon inji famfo mai ƙarfin tsiya don kawai ya ji an ce ya fi turo mai, zai kwashe kaskon ya tara man a sama, ƙasa ta bushe.

Sannan ka zo kan abin da ka ce shi ne uwa uba, wato wuya. Kowane famfo yana da wuyan da ke sauka cikin kaskon mai, wanda ku makanikan nan kuke kira karte, a ƙarshensa akwai rariya da ke tsotso man. Motoci irin Doguwa, waɗanda aka yi don doguwar hanya, kaskonsu mai zurfi ne, famfonsu mai dogon wuya. Ƙananan motocin gari kaskonsu bai kai haka ba, wuyan famfonsu gajere. Kai da jiki duk iri ɗaya, kusoshi ma su shiga daidai. In ka ɗaura gajere a kasko mai zurfi, mota za ta tashi, jar fitilar gargaɗin mai ta mutu, ka yi ta yawo cikin gari lafiya lau. Ranar da ka hau dutse man ya gangara baya, rariya ta tsotsi iska, shi ke nan.

Na tambaye ka yadda za a gane in an riga an rufe kaskon, tunda ido ba ya shiga. Ka aika aka karɓo sauran tuwon jiya a gidan Inna. Ka mulmula ɗan curi, ka naɗe shi a leda, ka manna a ƙasan rariyar, ka ɗaura kaskon ka ɗaure, sannan ka sake kwancewa. Tuwon ya fito a baje, kaurinsa kamar ƙaramin yatsana. Ka ce haka ake so. In ya fito kamar fai-fai, wuyan ya yi tsawo, zai toshe. In ya fito a mulmule yadda ka sa shi, wuyan bai kai ba. Ka ce da ni: "Adiza, takarda tana ƙarya, mai sayarwa yana ƙarya, tuwon Inna ba ya ƙarya." Mun yi dariya ranar. Yanzu in na tuna ba na dariya.

Sai zamanin hargitsi ya zo. Kowa dimokuraɗiyya a baki, rediyo a kunne, yau a ƙona taya, gobe a kafa shinge. Yajin aiki ya ƙi ƙarewa, ofisoshi a rufe, kaya suka daina zuwa daga Lome, ko wayar birki sai ka sha yawo kafin ka samu. Kai ka shiga cikin masu taro, ka fi kowa ɗaga murya. Ban zarge ka a kan wannan ba, ko a lokacin ko yanzu. Abin da kuke nema ba laifi ba ne, kuma na san da gaske hukuma ke neman wasunku. Baba ma bai hana ka ba, ya dai ce ka riƙa kwana a gida. Shi kuwa ya jingine Doguwa a gindin mangwaron ƙofar gida, don babu fasinja. Amma kowace safiya sai ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya saurari injin, ya kashe.

A garejinka akwai motar abokanka masu taro, irin Doguwa sak, ta daɗe a kan duwatsu da kasko a kwance, famfonta ya mutu kuma babu inda za a samo wani. A bayan garejin kuma akwai wata ƙaramar mota da ta yi hatsari, kaji na ƙwai a cikinta. Duk wanda ya bi ta wurin ya san su biyun.

Ranar wata Juma'a Baba ya wuce daga masallaci zuwa gaisuwar mutuwa a wata unguwa, Inna ma tana can. Ka zo teburina da rana tsaka, hannunka baƙi ƙirin, ka ɗauki galan na mai, har ka juya ka dawo ka ƙara kwalba guda. Na ce wace mota ce mai wannan ƙishirwa, ka ce in bar tambaya. Washegari aka wayi gari babu kai, babu abokanka, babu motar da ta yi watanni a kan duwatsu.

Ga abin da ka yi, tunda ba ka taɓa faɗa da bakinka ba. Ka kwance famfon Doguwa ka ɗaura wa motar abokanka. Ka ciro na ƙaramar motar kajin, mai gajeren wuya, ka ɗaura wa Doguwa, don in Baba ya tayar da ita da safe fitila ta mutu, kar ya gane. Kwalbar da ka dawo ka ƙara, ita ce ka zuba ta wuce layi don rariyar ta nutse sosai. Aiki ne na gwani. Jahili ba zai iya wannan cutar ba, sai wanda ya san injin kamar tafin hannunsa.

Abin da ka manta shi ne halin mutumin da ya haife ka. Da safe Baba ya zaro sanda ya ga mai ya haura layi. Ya yi tsaki, ya ce ko wane mai gaggawa ne ya yi wannan. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashin motar da tsufansa, ya sassauta kusar ƙasa ya rage man cikin gwangwani har ya dawo kan layi daidai. Ya kawo mini gwangwanin ya ce in adana, mai ba abin zubarwa ba ne. Kulawar da aka san shi da ita, ita ka mayar ta zama tarkonsa.

Bayan 'yan kwanaki wani direban babbar mota ya kawo saƙo daga Kawu Tanko, ƙanin Inna da ke Dapango. Ya ce kana gidansa lafiya, amma in ranar kasuwar kan iyaka ta zo za ka bi 'yan kasuwa ka tsallaka, kuma babu wanda ya san ranar dawowarka. Inna ba ta zauna ba. Ta soya nama, ta daka yaji, ta ɗaure maka rigunanka biyu da bargon da kake so. Baba ya fito da man fetur ɗin da ya ɓoye tun farkon rikici, ya ce ko shinge ɗari ne a hanya sai ya sa maka albarka da hannunsa kafin ka bar ƙasar. Ni ma na shiga, da cikina ɗan wata biyar.

Nan ne zuciyata ta kasa yafe maka, Yaya. Kana zaune a gidan Kawu lokacin da aka ba direban nan saƙo. Ka san Baba, ka san zai taso. Ka san hanyar, ka san duwatsun da ke tsakaninmu da kai. Kalma ɗaya ta isa: ku ce wa Baba kar ya hau dutse da Doguwa. Ko dalili ba sai ka faɗa ba. Ka yi shiru, ka bar kunyarka ta fi maka uwarka da ubanka nauyi.

Mun wuce shingaye, wani na sojoji, wani na samari masu sanduna, kowanne Baba ya sauka ya yi magana mai daɗi a buɗe mana. A hawan farko bayan mun bar gari jar fitila ta ɗan ƙifta ta mutu. Baba ya tsaya, ya zaro sanda, mai yana kan layi. Ya leƙa ƙasa, babu ɗigo. Ya ce wataƙila waya ce ta saki, tunda ɗansa ne ke duba masa injin, kuma ɗansa ba ya aikin banza. Da kunnena na ji wannan.

A hawan dutsen Defale abin ya same mu, rana tana tsakiyar ka. Muna tsakiyar dutsen fitilar ta kama ta ƙi mutuwa, ga babbar mota a bayanmu, ga rami a gefe, babu wurin tsayawa. Kafin Baba ya sami inda zai raɓa, injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin ƙarfe, sai ya yi wata ƙara ya ɗauke. Muka sa duwatsu a bayan tayoyi. Baba ya buɗe gaba, hayaƙi mai warin ƙuna ya taso masa. Ya zaro sandar nan ya duba, mai yana nan a kan layinsa. Ya daɗe yana kallonta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka mara a gaban surukansa.

Mutanen ƙauyen wurin suka taimaka muka tura ta gindin wata bishiya, Baba ya bar ta a hannun wani dattijo. Motoci ba sa tsayawa a zamanin, kowa tsoron kowa yake. Sai washegari muka sami motar auduga ta ɗauke mu a baya, ni da cikina, Inna da ƙunshinta a cinya. Da muka isa Dapango kasuwa ta riga ta ci ta watse. Kawu Tanko ya tare mu a zaure ya kasa haɗa ido da yayarsa. Ya nuna mana ɗakin da ka kwana. Inna ta shiga ta zauna a kan tabarmar, ta kwance ƙunshin naman, ta ce a raba wa yaran gidan kar ya lalace. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Da aka jawo Doguwa gida, rabin tasha suka biyo ta, don labari ya riga mu isowa cewa Alasan ya yi kule, kamar yadda direbobin nan ke cewa in inji ya ƙone. Kowa yana son ya ga abin da ya kashe injin mutumin da ba ya kashe inji. Baba ya kwanta ya kwance kaskon da kansa, ni ina tsugune ina riƙe masa kwano. Kaskon yana sauka na ga wuyan famfon a rataye can sama, gajere. Ban buƙaci tuwo ba. Na buɗe baki, Baba ya juyo daga ƙarƙashin motar ya dube ni, ya ce a hankali: "Adiza, ba ki ga komai ba." Ya kwance famfon da sauri, ya naɗe a tsumma ya tura ƙarƙashin cinyarsa.

Sannan ya fito, ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa jama'a: "Laifina ne. Tsufa ya zo, na fita ban duba mai ba."

Ka ji abin da ubanka ya saya maka da sunansa. In ya faɗi gaskiya, za a san kai ka tayar da motar waɗanda ake nema, kuma za a san da famfon wa. Har abada sunanka a Sokode ya zama makanikin da ya yi wa ubansa sata. Sai ya ɗauki abin ya ɗora wa kansa, a gaban yaran da ya sha yi wa faɗa a kan wannan laifin.

Ba su raga masa ba. Ka san bakin tasha. In ya zo wucewa sai wani ya ɗaga murya ya ce, Baba sofer, babban direba, an duba mai yau? A kwashe da dariya. Waɗanda ya taɓa kunyatawa suka samu abin da suke jira. Aka daina kawo masa yara koyon tuƙi. Babu mai ba shi mota, wa zai ba tsohon da ke manta mai? Da ƙasa ta lafa, ya koma kiran fasinja a bakin motocin waɗanda shi ya koya wa riƙe sitiyari. Teburina yana kallon wurin. Kullum ina ganinsa yana ɗaga wa matan Gando buhu, suna kawar da kai don kunya. Sau nawa na tashi zan yi magana, ya harare ni daga nesa in koma in zauna.

Kai kuwa ka yi ta aiko da gaisuwa a bakin mutane, daga wannan ƙasa zuwa waccan, kana cewa in abubuwa sun daidaita za ka zo. Abubuwa suka daidaita, abokan tafiyarka suka dawo, wasu har sun hau kujerar mulki sun sauka. Kai kaɗai ne hanya ba ta buɗe maka ba. Ko da Baba ya rasu, a waya ka yi kuka. Na riƙe wayar nesa da kunnena har ka gama.

Akwai abin da ba ka sani ba, kuma ban so in gaya maka ba, don ba ka cancanta ba. Baba bai bar Doguwa ta mutu ba. Da ɗan abin da yake samu ya riƙa tara kayan injin, yau ringi, wata mai zuwa fistin, ya kai kiranshaf aka gyara, ya haɗa komai da hannunsa a gindin mangwaron nan. Ya ɗauki shekaru. Abu ɗaya ya ƙi saya. Sau biyu ina samo masa famfo mai dogon wuya, ɗaya har daga wani injin da aka kwance a Pagala, ya juya shi a hannu ya yaba, ya ce in mayar. Ya ce: "Na Doguwa yana nan tafe. Wanda ya san wurinsa shi zai kawo." Duk mako yakan ɗiga mai ta ramukan fulogi ya juya injin da hannu don kar ya cije. Tun da ya rasu ni nake yi.

To ga shi ya zo, a kwali, a hannun baƙo, bayan mai jiransa ya daɗe a ƙasa.

Ban yarda da kai ba, don haka na gwada shi. Na kira Fuseni, wanda yake riƙe da tsohon garejinka yanzu, shi ma ya yi furfura. Na ƙirga ramukan kusa, na duba tsagar sandar, na tsoma shi a kananzir ya ture mini yatsa. Sannan na shiga kicin na ɗebo sauran tuwo. Fuseni yana ta kallona kamar na zautu. Muka ɗaura, muka rufe kaskon, muka kwance. Tuwon ya fito a baje, kaurin ƙaramin yatsana, babu ƙari babu ragi.

Na zauna a ƙasa a wurin na yi kukan da ban yi ba a Defale. Don na gane ba ka manta ba. Shekaru sun fi talatin, kana wata duniya, amma zurfin kaskon Doguwa yana cikin kanka. Wato kai ma kana ɗauke da abin nan kullum, kana kwana da shi kana tashi da shi. Na ji haushinka ya ƙaru, na kuma ji tausayinka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Amma ka saurare ni da kyau. Na sa Fuseni ya sake kwance shi. Yana cikin tsummansa a ƙarƙashin gadon Inna, kuma babu hannun da zai ɗaura shi sai wanda ya cire na farko. Ƙarfe ba ya neman gafara a madadin mutum. Ka zo ka kwanta a kan buhu a gindin mangwaron nan, inda ubanka ya kwanta, ka ɗaura shi. In ta tashi, ka tuƙa ta zuwa tasha. Cikin direbobin da suka tsaya a kanmu ranar da aka kwance kaskon, 'yan kaɗan ne suka rage, suna zama a benci kusa da teburina, kullum ana raguwa. Ni na faɗa a nan, amma maganata ta 'ya ce mai kare ubanta, za su ce ƙauna ce. Daga bakinka nake so su ji cewa Alasan Mai Doguwa ya duba mai a ranar, kuma yana kan layi.

Na karanta wa Inna wasiƙar nan kafin in sake ta, ina tsoron abin da zai same ta, don ban taɓa gaya mata ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in cire zagin da na yi maka a wurare biyu, na cire ɗaya. Sannan ta ce ita tun a kan tabarmar gidan Kawu ta sani, don ɗan da ya san iyayensa na tafe ba ya tsallaka iyaka sai in ya san ba za su iso ba. Ta ce in gaya maka har yanzu tana iya daka yaji a zaune.

Yaya, kai ne ka goya ni ranar da na taka kwalba a bayan tasha, ka yi ta gudu da ni kana cewa kar in kalli jinin. Wannan Mumunin nake kira. Ka zo tun idon Inna yana rarrabe inuwar mutum, tun akwai sauran wanda zai ji a bencin nan. Ba zan tare ka da fara'a ba, kar ka sa rai. Amma zan riƙe maka kwano.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da abin da ya rufa wa ɗansa da mafificinsa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da kwana har ta ji muryarka a zaure. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka hau dutsen da ya rage tsakaninka da gida, ni kuma ya sassauta mini tawa kafin ka iso. Amin.

Ƙanwarka da ba ta huce ba tukuna,
Adiza Alasan,
bakin tasha, Sokode.